Bijimin Nowel da Na Yanka da Hannuna

Ni mutum ne mai gaggawa, kuma ban ɓoye ba. Uwata takan ce ko a ciki ban tsaya na cika wata tara ba. Da gwamnati ta turo ni Yamai in koyar da lissafi a wata kwalej, na baro ƙauyenmu na yankin Maraɗi da akwati ɗaya, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ubana ya ba ni, da wannan hali nawa. Na kama ɗaki a unguwar Bukoki, kusa da wata ƙaramar majami'a da ke cikin lungu, gidajen Musulmi sun kewaye ta gaba da baya. Ƴan unguwa suka riƙa ce mini Malam saboda aikina, har yau kuma haka suke kirana.

A majami'ar nan na haɗu da tsohon da dukanmu muke ce wa Baba. Kafinta ne, ɗan yankin Tawa, dattijon majami'a kuma shugaban zumuntar maza. Duk bencin da muke zama a kai ran Lahadi shi ya ƙera. Rumfar aikinsa tana jingine da bangon majami'ar, kuma a nan maza suke taruwa kowace Asabar da hantsi. Ranar da na fara zuwa na je da littafin rubutu da biro biyu, ina tsammanin darasi mai kai da ƙafa. Baba ya karanta aya biyu, ya yi addu'a gajeruwa, sai ya miƙo mini takardar goge katako, ya nuna mini ƙafar wani benci. Na ji haushi sosai. Na ce a raina, duk karatun da na yi, goge katako ya kawo ni Yamai?

Sai da na yi watanni kafin na gane inda darasin yake. Hannu yana aiki, baki yana tambaya. Baba zai dubi magidanci mai ƴaƴa huɗu ya ce, "Yaushe rabonka da ka ɗebo ma matarka ruwa?" Mutum ya kama sosa ƙeya, mu kama dariya, sai tambayar ta juyo kanmu. A rumfar nan na koyi canza robar famfo, da yadda ake auna hatsi a kasuwa ba a cuce ka ba, da yadda ake ɗaga majinyaci a sa shi a mota ba a ƙara masa ciwo ba. Ya koya mana zaman makoki: ka je, ka gaida, ka zauna, ka rufe bakinka. Ni da nake da bayani a kan komai, wannan ya fi mini wuya.

Abin da ya fi nacewa a kai shi ne ban haƙuri. Bayan na yi aure na ɗauko matata daga ƙauye, wata rana muka yi faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, na ɗaga mata murya har maƙwabta suka ji. Da Asabar ta zo na ba Baba labari, ina alfahari cewa ai na riga na ba ta haƙuri.

"Mi ka ce mata?"

"Na ce ta yi haƙuri, amma ita ma ta san ba na son a ɓata mini lokaci."

Ya ajiye zarto ya dube ni. "Wanga ban haƙuri mai wutsiya ne, ɗana. Duk ban haƙurin da ka liƙa ma amma, ka karɓe abinka kenan. Koma ka yanke wutsiyar."

Na koma gida ina gunaguni, na faɗa ba tare da amma ba. Matata ta dube ni kamar an canza mata miji a hanya.

Akwai al'ada a majami'armu wadda na tarar. Duk Kirsimeti, wanda mu a nan muke ce wa Nowel, zumuntar maza takan haɗa hannu ta sayo bijimi daga kasuwar dabbobi. Mata su dafa shinkafa da miya a manyan tukwane, kuma kafin kowa a cikinmu ya sa loma a baki, sai an kai wa gidaje goma sha bakwai na lungun, duka Musulmi. Su ma ran Tabaski, wato Babbar Salla, idan sun jera ragunansu a kan sanduna sun kewaye wuta a bakin titi, washegari kwanukan nama sai sun cika gidajenmu. Sharaɗin abin guda ɗaya ne, kowa ya san shi ko da yake ba a rubuta ba: bijimin Nowel ba Kirista ke yanka shi ba. Maƙwabtanmu ba sa cin yankanmu, don haka wani maƙwabcinmu da muke ce wa Alhaji ke zuwa ya yanka.

Alhaji tela ne, mutumin Damagaram, shagonsa yana Zongo amma gidansa yana kallon ƙofar majami'a. Abokin Baba ne tun suna da baƙin gashi. Idan ni na zo duniya da gaggawa, shi Allah ya hore masa nawa. Zai idar da sallar asuba, ya yi lazimi, ya sha shayi kofi uku, sannan ya fito da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma. Ya gaida Baba, ya gaida gajiyar Baba, ya gaida gwiwoyin Baba. Ya sa a haƙa ɗan rami don jini, a juya kan bijimin gabas, ya wasa wuƙar da aka riga aka wasa. In an gama, Baba da kansa yakan ware masa wuyan bijimin, rabon mai yanka, a kai gidansa. Shekara biyar ina tsaye a gefe ina kallon wannan, ina duba agogo ina cizon yatsa.

A shekara ta shida gwiwoyin Baba suka ƙi, ya ce a zaɓi wani shugaban zumuntar. Aka zaɓe ni, ina jin don na iya rubutu ne kuma ba na makara. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba. Abin da na fara yi shi ne tsara ranar Nowel a takarda: yanka ƙarfe shida, ɗora tukunya ƙarfe bakwai, sujada ƙarfe tara, rabon abinci sha biyu daidai. Na manna a ƙofar majami'a. Baba ya sa tabarau ya karanta har ƙasa.

"Ta yi kyau. Alhaji ya san da ita?"

"Zan aika masa."

"Ba a aika ma babba. Tafi da ƙafarka."

Na tafi, amma a kan moto, wato babur, kuma ban ko kashe injin ba. Daga bakin shago na ɗaga murya na ce, "Alhaji, jibi ƙarfe shida!" Ya ɗago kai daga keken ɗinki ya ce, "In Allah ya kai mu, Malam." Na ce, "Shida daidai fa." Ya yi murmushi ya ce, "In Allah ya yarda."

Ran Nowel tun da sauran duhun safiya ina farfajiyar majami'a. Mu uku ne maza a wurin: ni, da wani direban taksi mai barkwanci, da wani mai gadi da ba ya yawan magana. Mun kayar da bijimi mun ɗaure. Shida ta yi, ba Alhaji. Shida da rabi, ba Alhaji. Shugabar zumuntar mata, wadda muke ce wa Uwar Zumunta, ta riga ta hura wuta ƙarƙashin tukwane huɗu, tana leƙowa tana cewa, "Shugaba, ruwa za mu ci yau?" Direban ya tsallaka ya ƙwanƙwasa gidan Alhaji, ya dawo da labari: an yi masa rasuwa a unguwar Yantala, wani ƙanensa, ana idar da asuba ya tafi, sai an binne zai dawo.

Yanzu da na tsufa kaɗan ina iya faɗin gaskiya. Lungun nan cike yake da Musulmi. Akwai mahauci a bakin titi, tafiyar minti biyar. Da na ga dama da na kira shi. Ba lokaci ne kaɗai ya ci ni ba, akwai wani tsohon miki. Tun muna lakwal, wato makarantar boko, a ƙauye, idan uwata ta sa mini nama a kwano, abokaina sai su janye hannu, su ce ba sa cin yankan gidanmu. Yaro ba ya manta irin wannan. Da safen nan, ga bijiminmu, ga ranarmu, ga farfajiyarmu, kuma wai mu zauna jiran wani ya zo ya halatta mana. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce a ba ni wuƙa.

Mai gadin ya ce a hankali, "Malam, ka tabbata?"

Na ce, "Ni ne shugaba ko kai?"

Na yanka. Ubana ya koya mini tun ina saurayi. Ban haƙa rami ba, ban duba gabas ko yamma ba, jini ya gangara har bakin ƙofa. Matan suna can bayan katanga wajen murhu, ba su ga kome ba. Da na miƙe ina wanke hannu sai na ji zuciyar ta sauka, wani abu mai sanyi ya maye gurbinta. Direban ya lura da fuskata, ya dafa ni ya ce, "Kwantar da hankalinka, shugaba. Nama ba ya magana. Mu uku muka gani, mu uku kuma ba mu ga kome ba."

Muna cikin daddatsa nama Baba ya iso yana dogara sanda, sanye da farar rigarsa ta Nowel. Ya gaishe mu, ya yi mana barka da aiki. Ya ce, "Har Alhaji ya koma?" Na ce, ba tare da na ɗago kai ba, "An gama, Baba." Na ga idonsa ya bi jinin da ya malala a ƙasa, ya nemi rami bai gani ba, sannan ya tsaya a kan wuyan bijimin da muka jefa cikin sauran nama. Ya ce, "Ɗana, zo ka kama mini wani katako a rumfa."

Babu wani katako. Haka yake yi, bai taɓa gyara mutum a gaban jama'a ba. Ya zauna a kan bencin aikinsa ya miƙe ƙafar da ke ciwo.

"Wa ya yanka?"

"Ni."

Kafin ya sake magana na buɗe baki kamar famfon da robarsa ta mutu. Na ce Alhaji bai zo ba, mata suna jira, sujada ƙarfe tara. Na ce ai ni na taɓa jin wani malaminsu da kansa yana cewa abincinmu ya halatta gare su. Na ce har yaushe za mu riƙa zama baƙi a gidanmu. Na kawo maganar kwanon lakwal. Ya bar ni na zazzage duka.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Maganar malamai ka bar ma malamai. Kai ba littafi za ka kai ma abinci ba, mutum za ka kai ma, kuma ka san abin da mutumin yake ci da wanda ba ya ci. Gida nawa ne?"

"Goma sha bakwai."

"In ka kai, za su tambaye ka wa ya yanka?"

"Ba sa tambaya."

"Don mi ba su tambaya?"

Shi ya amsa wa kansa.

"Da munka fara, kowane gida sai sun tambaya. Wasu su karɓa su zuba ma kaji. Ni ma an ƙi cin nawa, ɗana, ba kai ka fara jin zafin nan ba. Na duba na ga gara a ci tare da ni, da a ba ni gaskiya in ci ni kaɗai. Shekara ashirin na yi kafin su daina tambaya."

Ya dafa sanda ya miƙe. "Ba ni faɗa ma kowa. Kai ne shugaba yanzu, abin da ka yanke shi za a yi." Ya fita ya bar ni da ƙamshin katako da kunyata.

Sujadar ranar ban san me aka yi ba. Ana waƙoƙin Nowel, yara sun yi ado, ana kaɗa ganga, ni kuwa ina zaune a kan bencin da Baba ya ƙera ina lissafi, tunda shi ne sana'ata. In na yi shiru, ba wanda zai sani, abinci zai fita sha biyu daidai, a yaba wa sabon shugaba. In na yi magana, na tona wa kaina asiri a shekarata ta farko, kuma wataƙila tambayar da Baba ya kashe ta dawo da rai. Amma duk yadda na juya, sai in ga fuskar Alhaji yana karɓar kwano daga hannuna da hannu biyu, yana cewa Allah ya maimaita mana, yana kiran jikokinsa su zo su ci. Abin da ya fi ba ni haushi, da Baba ya ba ni umarni da na sami wanda zan yi fushi da shi. Ya bar ni da kaina, kuma kaina ba abokin hira ba ne mai daɗi a ranar.

Ana tashi na je wurin Uwar Zumunta na ce kada kwano ko ɗaya ya fita waje. Na gaya mata dalili. Ta riƙe ludayi ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kai da takardarka! Ka ji dai an ce sauri ya haifi nawa. To yanzu me za mu kai musu, shinkafa gaya?" Na ce ta ba ni lokaci kaɗan.

A gida ina da rago. Matata tana da tsohon ciki, na fari, haihuwa ko yau ko gobe, kuma wata biyar muna kiwon ragon nan don ranar suna. Ita ke ba shi dusa da harawa, har ya san takunta. Na same ta zaune a gindin dogonyaro tana hutar da ƙafafu, ragon yana ɗaure kusa da ita. Na tsuguna na faɗa mata abin da na yi da abin da nake so in yi.

Ta ce, "Ragon suna ne fa."

"Na sani."

"Innata za ta zo daga ƙauye, da ƙannen babana."

"Na sani."

Ta daɗe tana kallon ragon, har na ga idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ce, "Kwance shi. Amma kai za ka yi wa Inna bayani, ba ruwana." Ban taɓa son ta kamar a lokacin ba, kuma na gaya mata.

Na fito ina jan rago, sai ga Baba zaune a kan dakalin ƙofar majami'a, kamar dama can yana shan iska ne. Ya dubi ragon, ya dube ni, bai yi ko murmushi ba. Ya ce, "Alhaji ya dawo. Kawo igiyar, ni in riƙe ragon, kai ka shiga. Ka tuna mutumin gawa ya binne yau. Ta'aziyya farko." Na yi taku biyu ya ƙara da cewa, "Ban da wutsiya."

Alhaji yana zaune a kan tabarma a zaurensa da mutum uku masu gaisuwa, ƙafafunsa da sauran ƙasar maƙabarta. Na cire takalmi, na durƙusa, na yi masa ta'aziyya yadda aka koya mini, na rufe bakina na jira. Da mutanen suka fita, shi ya fara magana. "Malam, ka yi haƙuri, na saɓa maka alkawari. Ina nan ina tunanin bijiminku. Bari in ɗauko wuƙa."

Wannan ya fi mari zafi. Na ce, "Alhaji, ni ne mai ban haƙuri. Bijimin na yanka shi da hannuna tun da safe. Na san ba ku cin yankanmu, na sani sarai, na yi. Na kuma yi niyyar in yi shiru a kawo muku. Ka yafe mini."

Amma ɗin tana nan a maƙoshina, da ƙafafunta da wutsiyarta: amma ba ka zo ba, amma mata suna jira. Na haɗiye ta da ƙyar, kamar ƙashin kifi.

Alhaji ya ja casbinsa, sannan ya tambaya.

"An kai wa wani gida?"

"Ba a kai ba."

"Su wa suka gani?"

"Mu uku ne."

"To da ka yi shiru fa?"

"Da kun ci."

"Da mun ci," in ji shi, yana gyaɗa kai, "da mun kuma gode maka." Ya ƙara da cewa, "Ban ji daɗi ba, Malam, ba zan ce maka na ji ba. Amma na fi son wanda ya ɓata ya zo ya faɗa, da wanda ban san abin da yake ba ni ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Sai kukan rago ya shigo daga waje. Ya ɗaga gira. Na ce na kawo ne ya yanka, a dafa wa maƙwabta daban. Ya leƙa ya hango Baba tsaye a rana, riƙe da igiya da sanda. Ya san ragon, duk lungu an san na suna ne. Bai ce kada in yi ba, kuma na gode masa da bai ce ba. Ya miƙe ya ɗauko wuƙarsa a cikin tsumma, ya ce, "A takardar nan taka, yanzu ƙarfe nawa?"

Aka haƙa rami, aka juya kan rago gabas, ya wasa wuƙa yadda ya saba, ni kuma na tsaya ban duba agogo ba. Matan gidan Alhaji suka ba da aron tukwanensu, Uwar Zumunta ta sake hura wuta tana mita tana aiki. Rago ɗaya a gida goma sha bakwai, kowane kwano tsoka biyu ko uku. Abincin da takardata ta ce sha biyu, sai bayan la'asar ya fita, kuma ni na kai da ƙafata gida gida. Inda aka tambaye ni me ya sa bana aka makara, na faɗi gaskiya. Wata tsohuwa ta karɓa ta ce, "To wannan ɗin wa ya yanka?" Na ce Alhaji. Ta ce, "Bari in aika a tambaye shi." Abin ya soke ni, amma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Mu kuwa ƴan majami'a kwana uku muna cin naman sa, har direban taksi ya ce in Allah ya kai mu baɗi in sake yin kuskuren.

Bayan mako uku matata ta haifi ɗiya. Ran suna zabi biyu na iya yankawa, ko in ce mahaucin bakin titi ya yanka. Surukata ta ɗaga fiffike daga cikin miya ta ce, "Ikon Allah! Ragon birni har fukafukai gare shi?" Ƙannen surukina suka sunkuyar da kai suna dariya ƙasa ƙasa, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Sai Baba ya ja tabarmarsa ya zauna kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa, ya ɗauki wuyan zabo yana tsotsa kamar cinyar rago aka ba shi, ya ce da ƙarfi, "Ɗiyar ga ta yi sa'ar uba." Bai ƙara ko kalma ba, su ma ba su ƙara ba. Alhaji ya aiko da riguna uku ƴan ƙanana da ya ɗinka da hannunsa. Ɗaya tana nan a akwatin matata har yau.

Baba bai sake tayar da maganar bijimin ba, ko sau ɗaya, ko da wasa. Asabar ta gaba ya miƙo mini takardar goge katako kamar kullum. Na ci gaba da shugabanci, na ci gaba da manna takarda a ƙofa don hali zanen dutse ne, sai dai na koyi kashe injin moto in sauka in gaida mutane. Shekara biyu ko uku wasu gidajen suna tambaya, ina amsawa. Sannu a hankali tambayar ta sake kwantawa.

Da Baba ya rasu, mu mazan zumunta muka ƙera akwatinsa a rumfarsa, da zartonsa da gudumarsa. Ni na goge katakon. Alhaji ya yi kwana uku yana zuwa zaman makoki, yana zama a gefena, ba ya cewa kome, ni ma ba na cewa. Ina jin makarantarsu ɗaya.

Nowel ɗin da ya wuce, ɗiyar nan tawa ita ta taya ni ɗaukar kwanuka, ta kusa fin uwarta tsawo. Alhaji ya tsufa, hannunsa yana rawa, babban ɗansa ke yanka mana yanzu, shi kuma ya zauna a kujera yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi. Na kai kwanon gidansa na tarar da baƙo a zaure, wani direban babbar mota da ya kama haya a lungun bai daɗe ba. Alhaji ya ce masa bismilla. Mutumin ya dubi kwanon, ya dube ni, ya matsa kusa da kunnen Alhaji, amma na ji.

"Alhaji, wa ya yanka?"

Alhaji yana iya cewa ɗansa ne, magana ta ƙare. Bai ce ba. Ya ce, "Wa ya kawo?"

"Wannan Malamin."

"To ci. In da akwai magana, da shi zai fara faɗa maka."

Mutumin ya wanke hannu ya zauna. Ni kuwa na juya da sauri don kada ɗiyata ta ga idona, na ɗauki kwano na gaba. Duk tsawon lungun ina tafiya ina cewa na gode, Baba, na gode, har sai da yarinyar ta tambaye ni da wa nake magana.